Maina, ambirela ko mangwaro: wacce zaka shuka a sabon gida a Gombe?

Ƙanina ya gama rufin gidansa can bayan Tumfure, fili ne irin hamsin da ɗari ɗin nan, kuma kun san yadda sabbin unguwanni suke, kafin masu yanka filaye su kafa shaida sun riga sun sare komai ko aduwa ɗaya basu bari ba, da azahar awaki ma jikin katangar mutane suke bi suna neman 'yar inuwa. Ya kira ni a waya yace "Hamma, ambirela zan saya guda huɗu in jera a ƙofar gida, ya ka gani?" Nace masa kar ka sayi komai tukuna, ka zo gidana ka ga aikin da guda biyu kacal suka min. Da ya zo na nuna masa interlok ɗin bakin get da ya kumburo kamar an binne tulu a ƙasa, na nuna masa tsagar da ta hau katanga tun daga tushe har layin bulo na biyar, sannan muka shimfiɗa tabarma muka yi lissafin da ya kamata ace na yi shi shekara takwas da suka wuce. Na san ba shi kaɗai bane yake wannan shawarar yanzu da damina ta ƙarato, shi yasa nace bari in zayyana abinda muka tattauna.

Itatuwa uku ne dai mutanen garin nan suke juyawa a kai in za a shuka a gida. Akwai maina, wadda wasu ke cewa dogon yaro, Kanawa suce darbejiya, Katsinawa suce bedi. Akwai ambirela, mai rassa hawa hawa kamar an jera faifai, wasu suna ce mata satalayit, ita ce ake yayi yanzu a gidajen mai da makarantun kuɗi da sabbin gidaje. Sai kuma mangwaro. Abin dariya dukkansu ukun baƙi ne, maina da mangwaro daga wajajen Indiya suka fito, ambirela kuma daga tsibirin Madagaska. Ita maina a 1928 aka fara dasa ta a Borno zamanin Turawa, kaga ko shekara ɗari bata cika ba amma ta zama 'yar gari fiye da 'yan gari, yaro yanzu in kace masa ba bishiyar kakanninsa bace sai yayi maka musu.

Ni da ruwa nake fara auna su, ba da kyau ba, don a Gombe kam ruwa shine magana. Daminarmu daga wajen Mayu ko Yuni take zuwa farkon Oktoba, daga nan sai ka ƙirga wata shida zuwa bakwai ko ɗigo babu, ga hunturu da iskarsa mai busar da leɓe, ga Maris da Afrilu da zafi ke taɓa digiri 40. Kuma unguwannin tudu ruwa yana da nisa a ƙasa, ba kowa ke da halin haƙa bohol ba, da yawa tanka suke saya ko jarkokin 'yan garuwa. Toh a wannan gwajin maina ta wuce sa'o'inta nesa ba kusa ba. Tana da saiwa guda mai nitsawa ƙasa can tana neman lema, in ka taimaka mata ta tsallake rani na farko, da kyar na biyu, shikenan ta kama kanta, ko ka yi tafiya ka rufe gida zaka dawo ka same ta shar. Abinda bata so shine ruwa ya kwanta mata a gindi, in filinka irin mai riƙe ruwa ne da damina har sati yana tsaye to zata yi ta rawaya tana zubda ganye.

Ambirela ita kuma 'yar gata ce. In tana samun ruwa tana gudu wallahi, shekara uku ta baka inuwar da zaka ajiye mota, a saurin girma ta ɗan fi maina in an kula da ita. Amma ranar da ka ɗauke mata ruwa da rani zata nuna maka, ganyen ya koma ruwan ƙasa ya zube ta tsaya tsirara sai ƙwarangwal, kuma abin haushin a daidai lokacin da kafi buƙatar inuwar kenan. Nawa guda biyun duk Fabrairu haka suke min sai in na riƙa juye musu ruwan wankin mota. Mangwaro yana tsakiya, yana ƙarami mashayi ne sosai, rani biyu zuwa uku sai ka tsaya masa tsayin daka, amma in ya girma saiwarsa ta yi nisa baya damuwa, hasali ma babban mangwaro yana son a bar shi ya ji ƙishi daga ƙarshen damina zuwa shigowar sanyi, wannan bushewar ce ke sa shi fure da kyau. Masu ɗura masa ruwa kullum har Disamba sai su yi ta ganin ganye sabo fil ba 'ya'ya suna cewa an yi wa bishiyar baki.

A gidanmu na Jekadafari akwai wani mangwaro da babu wanda ya taɓa ɗaukar bokiti yace zai ba shi ruwa. Gindinsa ne wajen alwalar Baffa, akwai wani faffaɗan dutse da yake tsugunawa a kai da butarsa, sau biyar a rana shekara da shekaru, sai kuma Goggo da take watsa ruwan wankin shinkafa da na gero a wajen. Wannan kaɗai ya raine shi har ya fi ɗakunan tsawo. Shi yasa nake cewa kafin ka ce baka da ruwan rainon bishiya ka duba ruwan da gidanka ke zubarwa a kwata kullum. Sai dai a bambance, ruwan alwala da na wanke hatsi da na ɗauraye kwanuka duk lafiya lau ne, amma ruwan wanki mai Omo da bilic kar a kai shi gindin mangwaro, baya jure gishiri gishirin nan, zaka ga bakin ganyen yana ƙonewa kamar an kara masa wuta. Maina ta fi shi jure irin wannan wulaƙancin.

Sai maganar saiwa, wadda ita ce ta ci min kuɗi. Saiwar ambirela a sama sama take tafiya, bata nitsawa sosai, tana bazuwa ne a ƙarƙashin fatar ƙasa kamar yatsun hannu kuma duk shekara tana ƙara kauri, duk abinda ta samu a hanya, interlok ne, daɓen siminti ne, bakin kwata ne, tushen katanga ne, ɗaga shi take. Ni kuma da wayona na dasa su taku biyu daga katanga don su yi layi da get su yi kyau a hoto. Mai gyaran da na kira da ya ɗaga bulon interlok ɗin sai ga saiwa kaurin damtsena kwance tana nufar sokawe, ya kalle ni yace "Alhaji wannan ai ta kusa shiga masai." Saboda haka in dai ambirela kake so ka bata aƙalla mita 5 daga katanga da ginin ɗaki da sokawe da tankin ƙasa, in babu wannan filin ka haƙura da ita. Yanzu ka auna da kanka, fili hamsin da ɗari faɗinsa wajen mita 15 ne, ka cire get, ka tuna rassan ambirela ɗaya in ta girma suna miƙewa mita 4 zuwa 5 ta kowane gefe, ina zaka saka guda huɗu? Rassan zasu sarƙe da juna su hau kan waya su shiga gidan maƙwabci, ƙarshe a zo ana sulhu.

Ba wai maina waliyiya bace fa. Ita ma in ka manna ta da gini zata tsaga shi, akwai tsofaffin katangu da yawa a cikin gari da ta tura, sai dai da yake ƙarfinta ƙasa yake nufa bata cika ɗaga daɓe da wuri kamar ambirela ba, mita 4 zuwa 5 ya wadatar. Mangwaro kuma matsalarsa ba saiwa kaɗai bace, girman kansa ne, a gona ma tazarar mita 8 zuwa 10 ake ba tsakaninsu, wanda aka shuka daga ƙwallo in ya samu wuri sai ya rufe rabin tsakar gida ya hau kan kwano, ganye ya taru a kan rufi ya riƙe lema kwano ya fara tsatsa. Ɗan aure, wato wanda aka ɗaura reshen mangwaro mai kyau a kan karan wanda aka tsirar daga ƙwallo, ya fi dama a cikin gida don baya yin wannan uban girman kuma ana iya riƙe shi da aski. In ƙasar wajenku baƙar laka ce mai tsagewa da rani to duk ukun ka ƙara musu nisa, don bishiya tana zuƙe lemar ƙarƙashin tushen gini, ƙasar ta motsa, bango ya bi.

Inuwa kuwa kowacce da irin tata. Ta mangwaro ce mai duhu da sanyi, kana shiga zaka ji kamar an buɗe firij, kuma baya zubda ganye gaba ɗaya, amma babu abinda ke tsirowa a ƙarƙashinsa kuma sauro na son wajen in ya yi duhu da yawa. Ta maina tana da iska, ganyen ƙanana ne iska na ratsawa, shi yasa duk majalisa da mai shayi da mai faci a gindinta suke, ga ƙamshin furenta da daddare lokacin bazara. Ta ambirela faffaɗa ce shimfiɗaɗɗiya, don ajiye mota babu kamarta, in dai da ganyen. Wajen shara kuma ka tambayi matan gida kafin ka yanke hukunci don su abin zai dama. Ganyen ambirela ƙanana ne kamar farce, suna shiga tsakanin interlok tsintsiya bata fitar da su, su toshe kwata su cika gilashin mota. Maina da damina 'ya'yanta ke nuna su yi rawaya, jemagu da tsuntsaye su sha su yi ta yar da ƙwallon, da safe ka tarar da mota duk ta ɓaci, bayan sati biyu kuma ƙananan maina sun tsiro ko'ina har cikin tukunyar fulawa. Ganyen mangwaro manya ne shara ɗaya ta kwashe. Mai sola a kan rufi kuma ya lura, duk wadda zai shuka kar ta zo ta rufe masa faranti nan da shekara biyar, gara ya kai ta yamma da ɗakuna inda zata tare ranar la'asar da ke gasa bango har dare.

Mangwaro shi kaɗai ne a cikinsu zai baka abin kaiwa baki, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa. In ƙwallo ka binne sai ka jira shekara biyar zuwa takwas, kuma ba lallai ya haifi irin wanda ka sha ba. Ɗan aure shekara uku zuwa huɗu ya fara, kuma irin da aka ɗaura shi zai baka. In zaka saya ka duba wajen ɗaurin da idonka, zaka ga tabo a jikin karan kamar an haɗa itace biyu sun warke, in babu wannan tabon to ƙwallo ne aka tsirar a leda ko me mai sayarwa zai rantse maka. A Dadin Kowa akwai kwalejin tarayya ta koyon aikin lambu, yankin gaba ɗaya sun san harkar dashe saboda ruwan dam, in kana da hanya can ya fi maka sayen na bakin titi da baka san asalinsa ba. Amma fa mangwaro a waje, a ƙofar gida, wannan kam ka sayi rigima da kuɗinka, tun yana ɗanye yara zasu fara jifa, dutse ya sauka a kan kwano ko gilashin motar baƙo. Goggo in muka kori yara cewa take ku bar su, ai hadisi ne duk wanda ya dasa itace mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci sadaka ce gare shi. Gaskiya ne, amma ita bata da mota.

Wajen ciwo da ƙwari ma maina ce mai sauƙi. Ɗacinta ya sa gara bata cika damunta ba, itacenta ma shi yasa ake azara da shi. Ba wai bata ciwo sam ba, a shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai mannewa a ganye ya yi wa maina ɓarna sosai a yankin tafkin Chadi, amma a gida abinda zaka fi gani shine kauci. Kauci tsuntsaye ke kawo shi, su ci 'ya'yansa su goge baki a reshe, ƙwallon mai danƙo ya manne ya tsiro ya soka saiwarsa cikin reshen yana shan ruwan bishiyar, zaka ga wani cunkus ɗin ganye daban da na bishiyar da jan fure kamar ashana. Yana hawa ambirela ma sosai. Fizge shi baya magani don tushen na ciki, sai dai a yanke reshen gaba ɗaya ta ƙasa da inda ya kama, kuma da wuri kafin ya yi 'ya'ya ya bazu. Ambirela kuma da damina akwai shekarar da tsutsa ke far mata ta cinye ganye tana zubo kashi a kan duk wanda ya zauna, yawanci tana sake tohowa.

Mangwaro shine asibiti. Akwai farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke taruwa a bayan ganye, yana fitar da wani ruwa mai danƙo, sai baƙin abu kamar hayaƙin fitila ya rufe ganyen, in ka ajiye kujera a ƙasa ta yi ta danƙo. Akwai ƙudan da ke huda 'ya'yan ya saka ƙwai, ka ga mangwaro lafiyayye a waje ka yanka ka tarar da tsutsa, wani nau'insa mai tsananin ɓarna a 2003 aka fara ganinsa a Afirka can Kenya, cikin 'yan shekaru ya iso yammacin Afirka. Maganin da kowa zai iya kuma kyauta shine kar ka bar wanda ya faɗo ya ruɓe a ƙasa, don daga nan tsutsar ke shiga ƙasa ta fito sabon ƙuda, a tsince kullum a ɗaure a baƙar leda a ajiye a rana kwana biyu uku ko a binne da zurfi. A kuma rage rassan tsakiya iska da rana su riƙa shiga. Gara ma tana son ƙaramin mangwaro musamman in ya sha ƙishi ko an ji masa rauni, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don Allah masu zuba baƙin mai a gindin bishiya wai maganin gara ku daina, garar zata matsa gefe bishiyar ce zata mutu. Ka kankare ƙasar da ta ɗora a jikin karan, ka zuba toka ko dakakken ƙwallon maina a kewaye, ka bata ruwa, in abin ya fi ƙarfinka ka je shagon maganin gona ka bi abinda aka rubuta a jikin kwalbar, ba abinda wani ya ce maka a majalisa ba.

Duk wannan kwatancen fa banza ne in dashen bai rayu ba, kuma gaskiya yawancin itatuwan da ke mutuwa a garin nan ba nau'insu ne matsalar ba, shekara biyun farko ne. Tun da aka ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na gwamnatin jiha, Gombe Goes Green, a 2019 dashe ya yawaita a hannun mutane, an shuka da yawa a bakin tituna, kuma kowa ya gani da idonsa, wanda aka kewaye aka ba ruwa ya zama bishiya, wanda aka dasa aka juya baya akuya ta gama da shi kafin sati. Ga yadda nake yi. Ina jira damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ba ruwan farko ba da zai sauka ya ɗauke sati uku, kuma ba Satumba ba da saura kaɗan a ɗauke. Rami ƙafa biyu faɗi ƙafa biyu zurfi, ƙasar sama a ware ta gefe a cuɗa ta da ruɓaɓɓen taki wanda ya kwana biyu ya huce ya zama baƙi, ɗanyen kashin shanu ko na kaji ƙona saiwa yake kuma gayyatar gara ne. A sabon gida ka tona da kyau don ramin cike yake da ɓaraguzan bulo da busasshen siminti da magina suka binne. A yage ledar a cire ta gaba ɗaya, na sha tono mataccen dashe in tarar da shi cikin ledarsa saiwar ta naɗe kamar gammo. Kar a binne wuyansa, inda ƙasa ta tsaya masa a leda nan zata tsaya a rami, ɗan aure kuma tabon ɗaurin ya zauna a sama da ƙasa sosai.

Kariya kuwa ranar da ka dasa ranar zaka yi ta, ba gobe ba. Bulo a jera da 'yan ƙofofi don iska, ko ragar waya, ko ƙaya, kuma ta kai tsayin da akuya in ta miƙe da ƙafa biyu bata kai ba. Masu cewa akuya bata cin maina saboda ɗaci basu ga akuyar Gombe a watan Maris ba, har kwali take ci. Ban ruwa da rani kuma ni jarka guda nake juye wa kowane dashe sau biyu a sati, da yamma, a hankali cikin ɗan kwarmin da na yi masa, ya fi a riƙa yayyafa kofi ɗaya kullum, don yayyafi sama kawai yake jiƙawa sai saiwar ta saba zama a sama, wanda ya nitse shi ke jan ta ƙasa. Mangwaro da ambirela in zafi ya tsananta na kan ƙara musu na uku. A rufe kwarmin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don lema ta daɗe amma a bar tazarar tafin hannu daga karan saboda gara. Sannan in ka ɗaure shi da sanda don iska ka tuna ka kwance, akwai wata maina a layinmu da aka manta da wayar da aka ɗaure ta da ita, ta girma wayar ta nitse cikin jikinta, iskar farkon damina tana zuwa daidai wajen ta karye. Mai zuba interlok ko daɓe shima ka tsaya a kansa ya bar mata fili aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe, su in ka ƙyale su har wuya zasu shafe ta da siminti.

Aski ma akwai bambanci. Maina tana jure sara, ko ka gundule ta zata toho, shi yasa ake mata rashin mutunci, amma rassan da ke fitowa bayan gundulewa basu da ƙarfin kamu, sune ke ɓallewa su faɗo kan kwano in hadari ya taso. Ambirela in ka sare mata gefe ɗaya ta lalace kenan har abada don kyanta a daidaiton hawan yake, abinda ake mata shine a cire hawan ƙasa a hankali har mota ta iya shiga, in kuma akwai wayar wuta a sama a datse kan tun yana siriri bayan hawa uku ko huɗu, kar a jira sai ta kai waya a zo a yi mata sarar gayya. Mangwaro bayan an gama cin 'ya'yan ake masa, a cire busassu da masu shiga ciki, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da tabon aure a cire shi nan take don na uwar ƙwallon ne, in ka bar shi zai rinjayi na saman ka koma shan mai zare. Furen shekarar farko ma a tsinke shi, na san da ciwo, amma ƙaramin dashe in ya ɗauki 'ya'ya tsumburewa yake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan kam ba karin magana bane aikin kenan. Babban reshe kuma da zarto ake yanka shi ba adda ba, a fara ɗan shiga ta ƙasa sannan a yanke ta sama ɗan gaba kaɗan, in ya faɗi sai a gyara guntun kusa da kumburin gindin reshen ba tare da an shafe kumburin ba, in ka fara ta sama nauyinsa zai ɓare ɓawon har jikin bishiyar. Da masu tara shara su cinna wuta a gindi, da masu buga ƙusa su rataya allo, duk kashe ta suke a hankali.

Akwai wasu da zasu ce ina madaci ina turare ina ceɗiya. Madaci sarki ne amma na babban fili ne da haƙuri, makaranta ko masallacin idi, kuma masu magani basa barin ɓawonsa. Turare, doguwar bishiyar nan mai ganye mai ƙamshi, ka kai shi bakin kwari inda ake faɗa da zaizayar ƙasa, a gida shanye lema yake yana yar da reshe ba sallama. Ceɗiya da durumi inuwar kakanni, reshe kawai ake kafawa ya kama, amma saiwarsu in ta ji ƙamshin sokawe sai ta shiga. Dogayen nan masu kama da mutum ya sa riga da ake jerawa jikin katanga kuma ado ne kawai, ko kaza bata fakewa a inuwarsu.

Abinda na ce wa ƙanina shine, waje maina, guda ɗaya ko biyu a kusurwoyin fili nesa da get da waya, don bashi da bohol kuma aikinsa na tafiye tafiye ne, ita kaɗai ce zata yafe masa in ya manta da ita. Ciki kuma mangwaro ɗan aure guda ɗaya tak a bayan gida ta wajen da ruwan kicin da na alwala ke fita, can ɗaya ɓangaren da ba sokawe, in ya so ya cike lungunan da zogale da gwaiba. Ambirela na ce ta masu bohol ce da fili ɗari da ɗari, ko makaranta ko gidan mai inda akwai mai shara da mai ban ruwa. Da a ce yana da ruwa da filin da ban hana shi ba, don ni ma har yau in na dawo daga kasuwa na hango nawa sun yi lif bayan ruwan Agusta sai in ji raina ya yi fari, in manta da kuɗin katanga.

Ya ce ya ji. Jiya sai gashi ya turo min hoton bayan Keke Napep, maina biyu, mangwaro ɗaya, da wata 'yar ambirela a leda a gefe. Na kira shi nace wannan fa? Yace "Hamma amarya ce tace ita kam sai an saka mata ko ɗaya ce." Mun auna da igiya mun samu wani waje a tsakar gidan da ya kai mita 5 daga komai in aka matsar da inda za a ajiye tankin ruwa, ranar Asabar zan kai masa diga da buhu biyu na tsohon takin da ya rage min.